King Kong da Godzilla: Tarihin fina-finan dodanni da dalilin kashe miliyoyin daloli wajen sake shirya su

Fina-finan dodanni rukuni ne na fina-finai da ake gina labarinsu a kan wata halitta mai girman da ya wuce misali, wadda takan fito daga teku ko tsibiri ko ƙarƙashin ƙasa ta afka wa birni. Japanawa suna kiran irin wannan halitta kaiju. Biyu daga cikinsu sun yi wa sauran fintinkau: King Kong, ƙaton goggon birin da aka fara nunawa a Amurka a 1933, da Godzilla, dodon teku mai siffar ƙadangare da ya bayyana a Japan a 1954. Tun daga 1976 manyan kamfanoni suke komawa ga waɗannan labarai biyu suna sake shirya su, kuɗin da ake zubawa kuma yana ta hauhawa, daga dala dubu ɗari shida da 'yan kai a farko zuwa sama da dala miliyan 200.

Tarihin wannan maimaici yana nuna cewa kowane dodo da ya yi tasiri ya ɗauko wani tsoro ne na gaske da ke damun mutanen zamaninsa. Inda masu sake shiri suka gane wannan tsoron suka sabunta shi, fim ɗin yakan zauna a zukatan jama'a. Inda suka dogara ga kuɗi da girman halittar kawai, yakan kawo ciniki na ɗan lokaci, sannan a manta da shi.

Asalin King Kong

Kafin King Kong an yi The Lost World a 1925, wanda aka ɗauko daga littafin Arthur Conan Doyle, inda Willis O'Brien ya motsa siffofin dabbobin zamanin da ta hanyar ɗaukar hoto ɗaiɗai. Dabarar ita ce a ƙera 'yar tsana mai gaɓoɓin ƙarfe, a ɗan gusa hannunta ko ƙafarta, a ɗauki hoto guda, a sake gusawa a sake ɗauka. Da yake hotuna 24 ne ke cika daƙiƙa ɗaya ta fim, aikin yini guda yakan ƙare a 'yan daƙiƙoƙi.

Da wannan dabara O'Brien ya raya King Kong, wanda Merian C. Cooper da Ernest B. Schoedsack suka shirya wa kamfanin RKO, aka fara nuna shi a New York ranar 2 ga Maris, 1933. Birin da ya firgita 'yan kallo 'yar tsana ce mai tsawon kimanin santimita 45, an lulluɓe ta da gashin zomo. Kuɗin da aka kashe ya kai kimanin dala 670,000. Labarin na wani mai shirya fim ne, Carl Denham, da ya je wani ɓoyayyen tsibiri ya kamo birin, ya ɗaure shi da sarƙa, ya kawo shi New York domin a biya kuɗi a kalla. Birin ya tsinke sarƙa, ya ɗauki 'yar wasa Ann Darrow, wadda Fay Wray ta fito a matsayinta, ya haye ƙololuwar benen Empire State, inda jiragen yaƙi suka harbo shi.

An yi fim ɗin ne a tsakiyar mummunan karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929, lokacin da miliyoyin Amurkawa ba su da aikin yi, kuma benen da birin ya hau bai fi shekara biyu da kammaluwa ba. Masu nazari sun daɗe suna sukar yadda aka nuna mazauna tsibirin a matsayin baƙaƙen fata marasa wayewa. Wasunsu kuma suna ganin inuwar cinikin bayi a cikin labarin halittar da aka kamo daga ƙasarta, aka ɗaure, aka ƙetara teku da ita domin neman riba.

Haihuwar Godzilla

A 1952 aka sake fitar da King Kong a gidajen silima, ya yi kasuwa ƙwarai. Shekara guda bayan haka aka yi The Beast from 20,000 Fathoms, inda gwajin bam ɗin nukiliya ya tayar da wata dabba daga cikin ƙanƙara. Waɗannan biyun ne suka ja hankalin furodusa Tomoyuki Tanaka na kamfanin Toho da ke Tokyo. Sai dai abin da ya ba fim ɗinsa nauyi wani lamari ne da ya faru da gaske.

Ranar 1 ga Maris, 1954, Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibirin Bikini da ke tekun Pasifik. Tokar bam ɗin ta zubo a kan wani jirgin masunta na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru, mai ɗauke da mutum 23. Dukkansu sun kamu da ciwon tururin nukiliya, kuma ma'aikacin rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu a watan Satumba na shekarar. Jama'a suka ƙaurace wa kifi a kasuwanni saboda tsoron guba. Wannan ya zo ne shekara tara kacal bayan jefa bam a Hiroshima da Nagasaki.

Fim ɗin Gojira, wanda Ishiro Honda ya ba da umarni, ya fito ranar 3 ga Nuwamba, 1954, kuma ya buɗe ne da halakar jiragen ruwa a teku. An haɗa sunan daga kalmomin Japananci biyu: gorira, wato goggon biri, da kujira, wato ƙaton kifin nan na teku. Da yake babu lokaci ko kuɗin bin dabarar O'Brien, Eiji Tsuburaya ya sa aka ɗinka rigar roba mai nauyin kusan kilo 100, ɗan wasa Haruo Nakajima ya shiga ciki yana tattake ƙananan gine-ginen da aka ƙera kamar birnin Tokyo. An nuna asibitoci cike da waɗanda suka jikkata, da yaran da ake auna tururin guba a jikinsu. A ƙarshe masanin kimiyya Serizawa ya kashe dodon da wani makami da ya ƙirƙira, sannan ya zaɓi ya mutu tare da sirrin makamin don kada ya faɗa hannun 'yan siyasa. An sayar da tikiti sama da miliyan tara a Japan.

Da fim ɗin ya isa Amurka a 1956, an yanke sassa da dama, ciki har da maganganu masu yawa da suka shafi bam, aka cusa ɗan wasa Raymond Burr a matsayin ɗan jarida Ba'amurke. Sai a 2004 aka nuna ainihin na Japan a gidajen silimar Amurka baki ɗaya. Toho kuwa ta ci gaba da haifar dodanni: Rodan a 1956, wanda ya fito daga ramin haƙar kwal, da Mothra a 1961, sannan ta haɗa King Kong da Godzilla faɗa a 1962.

Zagayen farko na sake shiri

Furodusa Dino De Laurentiis ne ya buɗe ƙofar sake shiri da manyan kuɗi, da King Kong na 1976, wanda John Guillermin ya ba da umarni, aka kashe kimanin dala miliyan 24. An yi shi ne jim kaɗan bayan rikicin man fetur na 1973, don haka aka sauya mai shirya fim da jami'in wani kamfanin mai da ya je tsibirin neman rijiyoyi. Benen Empire State ma aka musanya shi da tagwayen benaye na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya. An yi ta tallar wani mutum-mutumin biri mai injin da tsawonsa ya kai mita 12, wanda Carlo Rambaldi ya ƙera, amma bai yi aiki yadda aka so ba, bai kuma fito a fim ɗin ba sai na 'yan daƙiƙoƙi. Mafi yawan abin da aka gani Rick Baker ne cikin rigar biri. Duk da haka fim ɗin ya samu kusan dala miliyan 90, ya kuma fito da Jessica Lange.

A 1998 kamfanin TriStar, wanda tun kafin nan ya sayi izini daga Toho, ya fitar da Godzilla na Amurka, ƙarƙashin darakta Roland Emmerich, da kuɗin da bai gaza dala miliyan 130 ba. An mayar da dodon ƙaton ƙadangare mai gudu da ɓuya tsakanin benayen New York, wanda makamai masu linzami suka kashe a ƙarshe. An kuma ɗora alhakin samuwarsa a kan gwajin nukiliyar Faransa. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 379, amma masoya Godzilla sun yi tir da shi, aka soke ci gaban da aka tsara. Daga baya Toho ta raɗa wa wannan halitta suna Zilla, ta sa Godzilla na asali ya gama da ita cikin ƙiftawar ido a wani fim na 2004. A shekarar 1998 ɗin dai Disney ta sake shirya Mighty Joe Young na 1949, labarin wani goggon biri daga Afirka, da dala miliyan 90, abin da ya dawo a Amurka bai fi miliyan 50 da kaɗan ba.

Peter Jackson, ɗan ƙasar New Zealand wanda ya sha faɗin cewa King Kong ne ya sa shi sha'awar harkar fim tun yana yaro, ya fitar da nasa a 2005 a kan dala miliyan 207. Ya mayar da labarin shekarar 1933, ya tsawaita shi ya wuce awa uku. A nan ne aka yi amfani da na'urorin da ke naɗar motsin jiki da fuskar ɗan wasa, kwamfuta ta ɗora su a kan siffar birin. Andy Serkis, wanda ya yi wannan aiki, sai da ya je Ruwanda ya zauna yana nazarin halayen gwaggwannin birai a daji. Fim ɗin ya samu sama da dala miliyan 550 da kyautar Oscar uku.

Zamanin jerin fina-finai

Daga 2014 salon ya sauya. Maimakon fim guda, kamfanin Legendary da Warner Bros. suka tsara jerin fina-finai masu haɗe da juna da suka kira MonsterVerse. Godzilla na Gareth Edwards ya fito a 2014 a kan dala miliyan 160, ya tara sama da miliyan 520. Kong: Skull Island na 2017 ya kai labarin shekarar 1973, ƙarshen yaƙin Biyetnam. Godzilla: King of the Monsters na 2019 bai kai ko miliyan 400 ba, abin da ya sa aka fara shakkar ɗorewar jerin. Sai Godzilla vs. Kong ya fito a 2021, lokacin da annobar korona ta durƙusar da gidajen silima, ya tara kimanin miliyan 470. Godzilla x Kong: The New Empire na 2024 ya kai wajen miliyan 570.

A wannan jeri ma'anar dodon ta juya. Fim ɗin 2014 ya ce gwaje-gwajen bam na shekarun 1950 yunƙuri ne na kashe Godzilla, wanda ya riga ya wanzu tun fil azal. Da haka halittar da aka ƙirƙira don ta zama hoton ɓarnar bam ta koma mai tsaron daidaiton duniya, har ma gwarzon da ake yi wa tafi.

Dalilan da ke sa kamfanoni komawa ga tsofaffin dodanni na kasuwanci ne. Da tsohuwar zuma ake magani: sunan da kaka da jika suka sani ba ya buƙatar dogon bayani a talla. Rushewar bene da rurin dodo ba sa buƙatar fassara, don haka ana sayar da su a kowace ƙasa, musamman China, inda kamfanin Wanda ya sayi Legendary a 2016 a kan dala biliyan uku da rabi. Akwai kuma cinikin kayan wasan yara da wasannin kwamfuta. Amma haɗarin yana da girma, domin gidajen silima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, ga kuɗin talla da ba ya cikin kasafin shiri. Shi ya sa ake ƙiyasta cewa sai fim ya ninka kuɗinsa sau biyu zuwa biyu da rabi kafin a fara maganar riba.

Shi kansa dodon ya yi ta ƙara tsawo saboda benaye sun ƙara tsawo. Godzilla na 1954 mita 50 ne, na 1984 mita 80, na 1991 mita 100, na 2014 kuma mita 108.

Martanin Japan

Toho ta dawo fagen da Shin Godzilla a 2016, na Hideaki Anno da Shinji Higuchi. An yi shi ne bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris, 2011, da hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima. Kaso mai yawa na fim ɗin yana gudana ne a ɗakunan taro, inda ministoci da manyan ma'aikata ke ta jan ƙafa da jiran sa hannu yayin da bala'i ke tunkarar Tokyo. Japanawa sun gane gwamnatinsu a ciki, fim ɗin kuma ya lashe kyautar gwarzon fim na shekara a ƙasar.

Godzilla Minus One na Takashi Yamazaki ya fito ranar 3 ga Nuwamba, 2023, daidai da ranar da na farko ya fito. Ya koma Japan ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya bi wani matuƙin jirgin ƙunar baƙin wake da ya ƙi mutuwa, yake fama da kunya da raɗaɗin yaƙi. Kuɗin shirya shi bai wuce dala miliyan 15 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na abin da Hollywood ke kashewa. Ma'aikata 35 ne suka yi aikin kwamfuta a fitowa 610. Ya tara sama da dala miliyan 110, kuma a watan Maris na 2024 ya lashe Oscar a fannin dabarun hoto, karo na farko da wani fim ɗin Godzilla ya samu wannan kyauta cikin shekara 70.

Dodo a ƙasar Hausa

Bahaushe bai jira Hollywood ba kafin ya san dodo. Tatsuniyoyi cike suke da Dodo mai haɗiye mutane da shanu, mai tsare rafi ko neman a ba shi budurwa, kuma da yawa daga cikinsu suna cikin tarin da Frank Edgar ya wallafa daga 1911 da wanda Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara daga baya. Labarin Bayajidda ma a kan wannan turba yake: macijiyar rijiyar Kusugu da ke Daura ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo ya zo ya sare kanta. A nan dodon yana tsaye ne tsakanin al'umma da ruwan sha, abin da ya fi komai tsada a bakin Sahara. Ko da silima ta iso Kano, inda aka buɗe gidan Rex a 1937, cikin sunayen da jama'a suka ba ta, baya ga majigi, har da dodon bango.

A Jihar Zamfara hanyar kallo ta bi wani tafarki na daban. Bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, an rufe gidajen silima a jihar. Kallo ya koma gida, daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa wayar hannu. A garuruwa irin su Talata Mafara da Bakura da Maradun, fina-finan ƙetare suna isa ga matasa ne ta hannun masu tura fim a waya da kuma intanet, galibi da muryoyin Hausa da ɗakunan fassara na Kano suke ɗorawa. Sakamakon haka, dodon da aka kashe dala miliyan 160 don ya cika bango mai tsawon bene yakan ƙare a fuskar wayar da ba ta fi tafin hannu ba. A irin wannan kallo girman halitta ba ya wani tasiri, labarin ne kaɗai ke riƙe mai kallo.

Jigon da waɗannan fina-finai suka ginu a kai, wato babban aikin ɗan Adam da ya zo da alƙawarin ci gaba sannan ya haifar da asara, ba baƙo ba ne a wannan yanki. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato don noman rani a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun, ta tayar da dubban mutane daga gidaje da gonakinsu. Taƙaddamar diyya ta kai ga arangama da 'yan sanda a watan Afrilun 1980, inda aka rasa rayukan manoma, kuma har yau alƙaluman hukuma da na mazauna yankin sun sha bamban. A 2010 kuma gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Irin waɗannan abubuwa ne masu shirya fim a wasu ƙasashe suka mayar da su dodo: The Host na Bong Joon-ho, wanda ya fito a Koriya ta Kudu a 2006, ya samo tushe ne daga zubar da sinadari mai guba a magudanar da ke kaiwa Kogin Han daga wani sansanin sojan Amurka a 2000. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Matsayin masana'antar cikin gida

Sake shirya tsohon fim ya shigo Najeriya ma. A Kudu an sabunta Nneka the Pretty Serpent a 2020, daga na shekarun 1990, a Kano kuma Ali Nuhu ya sake shirya Mujadala a 2018. Kannywood, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990, ta fi karkata ga soyayya da zamantakewar iyali da barkwanci, waɗanda ba sa buƙatar dogon aikin kwamfuta. Fim ɗin dodo yana buƙatar ɗakunan ɗauka, da ƙwararrun masu zane, da wutar lantarki tsayayya, da watanni na aiki bayan an gama ɗauka. Shirin gina alƙaryar fim ta naira biliyan uku a Kofa da ke Jihar Kano, wanda Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2016, an janye shi bayan adawar malamai da wani ɓangare na jama'a.

Duk da haka, tazarar kuɗi ta ragu idan aka kwatanta da shekarun baya. Manhajojin zanen siffofi masu motsi irin su Blender kyauta ake samun su, kuma aikin mutum 35 da ya doke manyan kamfanonin Hollywood a 2024 ya zama abin misali a makarantun koyon fim. Gojira na 1954 da rigar roba da gidajen katako aka yi shi, King Kong na 1933 kuma da 'yar tsana mai gashin zomo, amma su ne har yau ake kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli ana sake bin sawunsu.